Daga Tandu zuwa Jarka: Tarihin Mai a Adar da Hanyarsa a Jikin Mutum

A ƙasar Adar da Gobir Tudu, inda gundumomin Keita, Buza da Madawa suke a yau cikin jihar Tawa, mai ne ɓangaren abinci da ya fi wuyar samu tun kaka da kakanni. Ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da fako, wadda kwaruruka suka keta, manyansu su ne Majiya da Tarka da kwarin Keita. Abin da gona ke bayarwa gero ne da dawa da wake. Man da ke cikin gero kimanin kashi 5 cikin ɗari ne na nauyinsa, na dawa bai kai haka ba, wake kuwa kusan babu. Magidancin da ya wuni kan fura ya kwana kan tuwo da miyar kuka, cikinsa ya cika, amma maiƙon da ya shiga jikinsa kaɗan ne. Giɓin ba ƙarami ba ne, domin giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin 4 kawai yake bayarwa. Shi ya sa cinikin mai, duk da ana yin sa da ludayi da cokali, ya daɗe yana haɗa manomi da makiyayi da mahauci da fatake, daga baya kuma da kamfanonin Turawa da ƙungiyoyin agaji.

Mafi daɗewa kuma mafi daraja shi ne man shanu. Tun ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar da yaƙi, al'amuran ƙasar suka ɗauru da na Abzinawa. Daga cikin Abzinawan, Lisawan suka zauna a yankin Keita, Kel Geres suka sauko daga Abzin a ƙarni na 18 suka kafu wajen Galma da Azarori, Iwillimmidan kuma suka riƙe Azawak ta arewa. Fulani na ratsawa tsakani da shanunsu. Dukiyar waɗannan duka dabba ce, abin da suke nema wurin Hausawa manoma kuwa hatsi ne. Musayar nono da mai da gero ta tsaya kan wannan buƙata ta juna, ko da yake ba kullum ake yin ta da yardar kowa ba. Akwai garuruwan da ke ba da hatsi a matsayin gaisuwar dole ga masu takobi, kuma a gidajen manyan Abzinawa wahalar kiwo da tatsa da kaɗa nono tana wuyan bayi ne. Littafin Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Benedetta Rossi na 2015 kan bauta da aiki a yankin, sun bi diddigin yadda wannan zama ya ginu.

Fitar da man aikin mata ne. Akan tatsi madara a bar ta ta kwana a ƙwarya ta zama kindirmo, a juye a gora a yi ta girgizawa har man ya rabu ya taso. Sai a tsame shi, a wanke, a cura ƙanana a jefa cikin nonon da ya rage, wato tsala, a ɗauka zuwa gari. A al'adar Fulani kuɗin nono da na mai na matar ne, da su take sayen gishiri da zane da ƙorai. Ɗanyen mai ba ya jure zafin Adar, saboda haka wanda za a ajiye ko a yi tafiya da shi sai an soya shi, sau da yawa da albasa, har ruwan da ke ciki ya ƙone. Soyayyen man shanu na yin watanni bai ɓaci ba. Mazubinsa tandu ne, wanda ake yi da ɗanyar fata a bar ta ta bushe ta yi tauri. Ba ya fashewa in ya faɗo daga kan jaki ko raƙumi, ba ya tsotse mai kamar tukunyar ƙasa. Abzinawa suna da wata dabarar adana maiƙon madara, wato cuku, wanda ake shanyawa falle-falle har ya bushe ƙayau, kuma har gobe jihar Tawa ta yi suna da shi.

Abin da ya tsananta ƙarancin shi ne yanayin shekara. Shanu sun fi ba da nono da damina, amma a lokacin ne garkuna ke yin arewa, su bar gonaki su nufi Azawak da ƙasar gishiri ta Ingal. Sai da kaka suke dawowa su ci kara su zuba taki, nono ya wadata a kasuwannin Tamaske da Ibohaman da Karofan da Tunfafi. Da bazara kuwa saniya ta rame, hantsa ta bushe. Ke nan watannin da manomi ya fi zubar da gumi, na shuka da noman fari da maimai, su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma mai ya yi tsada. Mata masu ciki da masu shayarwa da yaran da aka yaye su ke fara jin wannan a jikinsu.

Kitse shi ne tushe na biyu, yana hannun mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa. A da talaka ba ya ganin nama sai ranar kasuwa ko suna ko salla, kuma in ya samu, mai kitse yake zaɓa; tozon sa na manya ne da baƙi. Babbar salla ce lokacin da kowane gida ke tara maiƙo. Bayan an gasa ragunan layya a bakin wuta, sai a soya naman cikin kitsensa, a tace kakiden a ajiye ana ɗiba ana sa wa miya har tsawon makonni. Kilishin da Madawa ta shahara da shi ya bi akasin wannan hanya, kuma da dalili. Mai kilishi yana feɗe kitse da jijiya sarai kafin ya shanya naman, domin kitsen dabba in ya sha rana da iska yana canja wari ya ɓata kaya. Maiƙon da ke cikin kilishi daga labu yake zuwa, wato haɗin tunkuza da yaji da albasa da ake tsoma naman a ciki, ko kuma daga man gyaɗa da ake shafa masa.

Sauran mayukan na daji ne ko na nesa. Mata kan fasa ƙwallon aduwa su fitar da mai daga ƙwayar, aiki mai cin lokaci da ba ya ba da yawa. Ana noma riɗi kaɗan. Man kaɗe da man ja daga kudu fatake ke kawo su, saboda kaɗanya da kwakwar manja ba sa rayuwa a wannan ƙasa. Ba ciki kaɗai ke cin man ba: ana shafa shi a jiki da ɗari, ana gyaran gashi da shi, dukawa na laushin fata da shi, ana zuba shi a fitilar aci-balbal. Inda al'ada ta fi nuna ta san darajarsa shi ne wajen mai jego, wadda ake ware wa nama da man shanu da kunu mai kauri cikin kwana arba'in, ko da sauran gidan za su ci gaya.

Mutanen da sun san mai na sa ƙarfi da sheƙin jiki, amma yadda yake tafiya daga ciki zuwa tsoka sai da masana suka shafe ƙarni uku suna bi. Matsalar a bayyane take ga duk mai girki: mai ba ya haɗuwa da ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Da cokalin man shanun da aka ci zai shiga jijiya yadda yake, da ya taru ya toshe ta. Jiki yana fara da farfasa shi a ƙaramin hanji. Ruwan ɗacin da hanta ke yi, wanda ke taruwa a matsarmama, yana tarwatsa man ya zama ɗigo-ɗigo, wani ruwan narkarwa daga gaɓar fankiriyas ya yayyanka shi, bangon hanji ya tsotse. A cikin bangon hanjin ake sake haɗa shi a ƙunshe shi cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira lifofurotin. Ƙirarsu irin ta tandu ce: man yana ciki, fatar waje kuma, wadda aka yi da furotin da wani nau'in maiƙo mai jituwa da ruwa, ita ke jure hanya, kuma a jikinta akwai shaidar da ke nuna inda za a sauke kayan.

Mafi girma cikin waɗannan ƙwayoyi, kailomaikuron, shi ke ɗaukar man abinci daga hanji. Ba ya shiga jini kai tsaye. Yana bin wasu siraran hanyoyin ruwan jiki, waɗanda Gaspare Aselli ya gani a 1622 a Milan ta Italiya sa'ad da ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya tarar da su fari fat kamar madara. A 1651 Jean Pecquet, Bafaranshe, ya nuna cewa suna haɗuwa su hau ta ƙirji su zuba cikin babbar jijiya a gindin wuya ta hagu. Daga nan ƙwayoyin ke zagaya jiki, wani sinadari da ke manne a bangon ƙananan jijiyoyi yana zare man yana miƙa wa tsoka ta ƙona ko wa ma'ajin kitse ya adana, ragowar kuma hanta ta karɓe. Awoyi kaɗan bayan cin abinci mai maiƙo ruwan jinin mutum yakan yi fari-fari saboda yawansu; dalilin ke nan da likita kan ce a zo awon kitsen jini da safe kafin a karya kumallo. Man shanu na da wata fala a nan: wani ɓangare na maiƙonsa gajere ne a ƙira, yana wucewa daga hanji zuwa hanta kai tsaye ba tare da an ƙunshe shi ba.

Hanta ma tana da nata ƙunshin. Idan mutum ya ci sitaci ko sukari fiye da buƙata, hanta na mayar da rarar mai, ta haɗa da wanda ya zo mata daga ma'aji, ta tura cikin jini a ƙwayar da ake kira VLDL. Wannan ne ya sa ake ƙiba da tuwo da fura ko da ba a ci kitse ba, kuma da wannan hanya tsohuwar al'adar ɗura wa ƴan mata madara da kunu, wadda aka sani a gidajen Larabawan Azawak da manyan Abzinawa, take cim ma burinta. Yayin da VLDL ke sauke mansa yana ƙanƙancewa har ya zama LDL, wanda yawancin abin da ya rage cikinsa kolestarol ne. Kolestarol ba guba ba ne: da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki, da shi ake yin ruwan ɗaci da sinadaran balaga da haihuwa, kuma mafi yawansa jiki ne ke ƙera abinsa. Na huɗu, HDL, shi ne mafi ƙanƙanta da nauyi, kusan rabinsa furotin ne, aikinsa kwaso rarar kolestarol daga sassan jiki ya mayar wa hanta.

Bitamin A da D da E da K ba sa narkewa sai cikin mai, saboda haka su ma a cikin kailomaikuron suke barin hanji. Wannan ya bayyana abubuwa biyu da aka daɗe da sani a karkara. Dundumi, wato rashin gani da magariba, ya fi kama yara da masu ciki a ƙarshen rani, lokacin da ɗanyen ganye da nono suka yi wuya, kuma maganin gargajiya na ba mai shi hanta daidai ne, don a hanta dabba ke tara bitamin A. Haka nan kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ake yi da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi ganyen da aka dafa shi kaɗai amfani nesa ba kusa ba, domin maiƙon ne ke ɗauke abin da ke cikin ganyen ya kai shi jini.

A 1929 Michel Macheboeuf ya ware lifofurotin na farko daga jinin doki a Cibiyar Pasteur da ke Paris. A shekarar ce kuma layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, abin da ya fi shafar tukunyar Ba'adare a lokacin. Gyaɗa, wadda mutanen yankin ke kira gujiya, asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta iso Afirka ta hannun ƴan Fotugal tun ƙarni na 16, kuma ta daɗe a gefen gonaki a matsayin amfanin mata. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da haukar sayen gyaɗa da ta biyo baya a 1912 su suka mayar da ita hajar duniya. Faransawa, waɗanda suka kafa mulkinsu a Tawa da Madawa a farkon ƙarni na 20, suna son haraji da tsabar kuɗi, masana'antun Marseille da Bordeaux kuma suna son mai da sabulu. Gyaɗa ta biya buƙatun biyu. Cibiyar nomanta Maraɗi ce da Tasawa da Magarya, amma jigawar kudancin Madawa, wajen Bangi da Sabon Gida, ta shiga ciki sosai. Tuddan Buza da Keita ba su dace da ita haka ba. A kwarurukansu auduga aka fi matsa wa manoma su shuka, har aka kafa injin gurzar ta a Madawa.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, sai dai mafi yawan abin da aka noma ba a Nijar aka ci shi ba. An kafa masana'antar mai ta Siconiger a Maraɗi a farkon shekarun 1940, bayan samun ƴancin kai kuma gwamnatin Diori Hamani ta kafa Sonara a 1962 ta ba ta ikon sayen gyaɗa da fitar da ita. A kakar 1966 zuwa 1967 abin da aka saya ya haura tan 190,000 na ɓararriya, kuma gyaɗa ce ke kawo wa ƙasar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje. Duk da haka abin da ya saura a gida ya isa ya canja girki. Mata suka riƙe sana'ar matsar mai: a soya gyaɗa sama-sama, a murje ɓawon, a daka ko a niƙa, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har man ya tsattsafo, a matse tunkuzar a murza ta a soya ƙuli-ƙuli cikin man nata. Matan kulle na yin ta a tsakar gida, yara na kai talla. Ƙosai da waina da tsire da kilishi duk sun ƙaru da wannan mai. A karon farko talaka ya samu maiƙon da ba sai ya jira dawowar garke ba, kuma kuɗinsa ya shiga hannun matar manomi. Cikin duk canje-canjen da mulkin mallaka ya jawo wa abincin yankin, da wuya a sami wanda ya kai wannan amfani, ko da yake ba don shi aka yi ba.

Zamanin bai daɗe ba. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, man shanu ya zama abin marmari. A 1975 cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar ƙasar kusan ƙaf. Manoma suka koma ga gero da wake, gwamnati ta juya ga yuraniyom na Arlit, Sonara ta durƙushe. Farin 1984 ya sake ƙwace abin da makiyaya suka fara tarawa. A shekarar ce aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da aikin gona ta FAO, inda aka yi ta gina shingen duwatsu da madatsun ruwa da dasa itatuwa a kan fako. Maza sun tafi cin rani, saboda haka mata ne mafi yawan ma'aikatan, ladansu kuma abinci ne daga hukumar abinci ta duniya, PAM, har da man girki na gwangwani. Ta wannan ƙofa, da ta rabon agaji, gidaje da yawa a Adar suka fara sabawa da man da ba su san gonar da ya fito ba.

Yunwar 2005 ta fito da wani gefen al'amarin fili. Madawa da Buza na cikin gundumomin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa. Abin da ya sauya jinyar shi ne wani haɗi da André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, Plumpy'Nut: niƙaƙƙiyar gyaɗa da man girki da garin madara da sukari da bitamin. Ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana ba da kalori 500, kimanin rabi daga mai. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai iya shan kunun da zai ba shi wannan ƙarfi ba, amma zai iya lasar wannan. Da yake babu ruwa a cikinsa ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa, uwa na iya ba ɗanta a gida ba sai an kwantar da su ba. Daga baya aka fara yin sa a Yamai. Nau'in tamowa mai kumburi, wanda Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da ake kira Gana yanzu, yana nuna muhimmancin lifofurotin kansa. Yaron ya rame, amma hantarsa cike take da kitse, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ta kasa ƙera furotin ɗin da za ta naɗe man ta fitar da shi a VLDL. Mai kaɗai ba ya ciyar da jiki in babu abin ɗaukarsa.

Yau man da ya zama hantsi leƙa gidan kowa shi ne tataccen man kwakwar manja mai ruwan ɗorawa, daga Malesiya da Indunusiya da Kodebuwa, cikin jarka mai lita 20 ko 25. Ya saba shigowa ta tashar Kwatano ya biyo Gaya da Doso da Ƙwanni, wani kuma ta kasuwannin iyakar Najeriya. Rufe iyakar Benin bayan Yulin 2023 ya karkatar da hanyar zuwa Lome ya ƙara masa tsada. Duk da haka ya fi man gyaɗa na gida araha. Kuɗin albasar Tarka da na ƴan cin rani daga Abijan da Legas da Libiya sun kawo shinkafa da taliya da fanke da soye-soyen bakin tasha, waɗanda duk mai suke sha. Mazaunin gari da ke hawa babur ya wuni zaune a shago yana cin maiƙon da kakansa bai gani ba ko a salla, ba ya kuma ƙona rabin abin da kakan ke ƙonawa a gona.

A nan ne ɗaya gefen ilimin lifofurotin ya fara shafar yankin. A 1913 Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol a Rasha, ya ga jijiyoyinsu sun yi kauri daga ciki. Wajen 1950 John Gofman na Jami'ar Kalifoniya ya rarrabe ƙwayoyin bisa nauyinsu da na'ura mai juyi da tsananin gudu, ya nuna marasa nauyin sun fi yawa a jinin masu ciwon zuciya. A 1973 da 1974 Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano maƙamar da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, ke cafke LDL da ita su janye shi daga jini, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Idan LDL ya yi yawa ya daɗe yana yawo, yana kutsawa cikin bangon jijiya ya maƙale, jiki ya taru a kansa, wurin ya yi tudu shekara da shekaru ba tare da wani ciwo ba. Ranar da tudun ya fashe jini ya daskare a kai, in a zuciya ne bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini da ciwon sukari da taba suna hanzarta wannan. Magungunan sitatin, waɗanda suka samo asali daga binciken Akira Endo a Japan a shekarun 1970, suna rage kolestarol ɗin da hanta ke yi, sai ta ƙara yawan maƙamanta ta janye LDL.

Ba duk mai ne ke ɗaga LDL daidai ba, kuma ɗari na nuna bambancin a ido. Wanda ke saurin yin barci da sanyi, irin kakide da man shanu da man ja, ya fi ƙunsar nau'in maiƙon da ke rage aikin maƙaman hanta: kusan kashi biyu cikin uku a man shanu, kusan rabi a man kwakwar manja, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar a man gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada wannan nau'i ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini. Rubutun da ake gani a jikin jarka cewa babu kolestarol gaskiya ne, amma ba ya nufin komai, domin babu man tsiro da ke da shi. Abin dubawa shi ne yadda man ke sa hanta ta yi. Sai dai kuskure ne a ɗauki wannan a yanke wa man shanu hukunci a rugar makiyayi. Binciken da Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 kan Fulanin tsaunin Jos ya tarar kusan rabin kalorinsu daga mai yake, yawancinsa na nono, amma kitsen jininsu lafiya lau, saboda jimillar abincinsu kaɗan ce, jikinsu ba ƙiba, kuma kullum suna tafe bayan shanu. Cokali guda a gidan da yara ke fama da tamowa magani ne, a gidan ɗan kasuwa mai teɓa da hawan jini kuwa abin ragewa ne, kuma a Madawa ana iya samun gidajen biyu a unguwa ɗaya.

Hukumomi sun yi amfani da wannan sani ta hanya biyu. Daga 1997 Nijar ta haɗa rabon ƙwayar bitamin A, wadda ɗigon mai ce a cikin ƴar fata, da ranakun rigakafin shan inna. Daga 2007 kuma ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta Yammacin Afirka suka shiga shirin ƙara bitamin A cikin man masana'anta, tun da tacewa na cire jan launin da ke ɗauke da shi a ɗanyen man ja. Shirin yana da iyaka a kasuwannin karkara. Man da ya tsallako iyaka ta ɓarauniyar hanya ba lallai a ce an ƙara masa komai ba, wanda aka ƙara wa kuma ana juye shi a kwalaben roba masu haske a jera a rana, haske da zafi kuwa suna lalata bitamin A. Man gyaɗa na gida ba shi da shi tun asali, ko da yake yana taimaka wa jiki ya ɗauki na ganye. Matan da ke matsarsa a Madawa da Bangi da Buza sun ci gaba da sana'ar, yanzu da injin niƙa maimakon turmi, wasu cikin ƙungiyoyin adashi. Masu saye suna biyan ƙarin kuɗi saboda ƙanshinsa, musamman masu tsire da kilishi, amma da yake man jarka ya danne farashi, ribar mai matsa ta fi fitowa daga ƙuli-ƙuli da tunkuza fiye da man kansa.